TAƘAITACCEN TARIHIN LIKITA WILLIAM BALFOUR BAIKIE (1825–1864), MUTUMIN TSIBIRIN ORKNEY WANDA YA JUYA ZABURA ZUWA HAUSA

Gabatarwa

Sa'ad da ikkilisiya ta cika shekara hamsin, al'ada ce a tuna da iyayen da suka kafa ta, an kuwa yi haka a sauran shafofin littafin nan. Amma Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, don haka muka ga ya dace mu ƙara waiwayawa baya kaɗan, har gaban zamanin kakanninmu.

Kowace Lahadi a nan Tsanyawa mukan buɗe littafin Zabura mu karanta da harshen da muka sha a nono. Yaranmu suna tsammani haka aka iske shi tun farko. Gaskiyar magana ita ce, Zabura ta farko da aka buga da Hausa aikin wani likitan sojan ruwa ce, wanda ba fasto ba ne, ba kuma ƙungiyar mishan ce ta aiko shi ba. Sunansa William Balfour Baikie. An haife shi a wani ƙaramin gari na bakin teku, a tsibiran da ke can ƙarshen arewacin ƙasar Skotlan. Ya taka ƙasar Kano da ƙafarsa a shekarar 1862, ya mutu yana da shekara 39. Kafin mu san mutum, ya kamata mu san gidan da ya fito, saboda haka za mu fara da labarin garinsu.

Ƙasar da ta haife shi

Orkney tarin tsibirai ne wajen 70, amma kamar 20 ne kawai ake zaune a cikinsu. Mutanensu duka a yau ba su wuce 22,000 da 'yan kai ba, wato ba su kai yawan mutanen ƙaramar hukuma guda a jiharmu ba. Wani mashigin ruwa mai haɗari, mai suna Pentland Firth, shi ya raba su da sauran ƙasar Skotlan. Itatuwa ba su cika tsayawa a can ba saboda ƙarfin iska. Da tsakiyar lokacin zafinsu rana takan yi awa 18 ba ta faɗi ba, da tsakiyar sanyi kuwa hasken yini bai fi awa 6 ba.

Duk da haka manoma ne kamar mu. A zamanin da muke magana a kai, suna shuka wani irin sha'ir mai jure sanyi, suna kiwon shanu da tumaki, suna kuma kamun kifi. Yadda muke kai taki gona a kan jakuna da bazara, haka su ma suke kwaso ciyawar teku daga bakin gaɓa su zuba a gonakinsu. Da yake babu itacen girki, sai su yanko wata baƙar ƙasa daga fadama, su shanya ta bushe, su hura wuta da ita. Sun kuma daɗe suna ƙona ciyawar teku su sayar da tokarta ga masu yin sabulu da gilashi, kamar yadda iyayenmu mata suka san amfanin toka wajen haɗa sabulu. Wannan sana'a ta kawo kuɗi ƙwarai, yawancinsu kuwa aljihun masu ƙasa suka shiga, sa'an nan kasuwarta ta faɗi wajen shekarar 1830, lokacin Baikie yana ƙaramin yaro.

Ƙasa ƙarama ce, abinci kuma ba ya isa, don haka samarin Orkney suka saba da tafiya neman abin kai gida, irin cin ranin da muka sani, sai dai nasu yakan ɗauki shekaru. Waɗansu su shiga jiragen farautar manyan kifaye, waɗansu su shiga sojan ruwa. Kamfanin fatu na Hudson's Bay yakan tsaya a garin Stromness ya ɗebi ma'aikata zuwa arewacin Kanada, har ya zama kafin shekarar 1800 kusan kashi uku cikin huɗu na ma'aikatansa a can mutanen Orkney ne. Yaron da ya tashi a irin wannan gari, tun yana goye yake jin labarin ƙasashen nesa, yake kuma ganin matan da mazajensu suka tafi ba su komo ba.

Wurin kuwa tsohon mazauni ne. A shekarar 1850 wata guguwa mai ƙarfi ta yaye rairayin bakin teku a wani wuri da ake kira Skara Brae, sai ga ƙauye guda na gidajen dutse, da gadajen dutse da murhu, wanda masana suka ce an zauna cikinsa wajen shekara 5,000 da suka wuce. Daga baya mayaƙan teku daga ƙasar Norwe suka mamaye tsibiran, suka kawo harshensu da sarautarsu. Orkney ta zauna ƙarƙashin sarakunan Norwe har shekarar 1468, sa'ad da sarkin Denmak da Norwe ya aurar da 'yarsa Margaret ga Sarki James na Uku na Skotlan. Kuɗin garar da ya yi alkawari bai samu ba, sai ya ba da tsibiran jingina. Ba a taɓa fansarsu ba, a shekarar 1472 kuwa Skotlan ta haɗe su cikin ƙasarta. Tsohon harshen mutanen, wanda ake kira Norn, ya yi ta ja da baya a gaban harshen masu mulki, har ya mutu a ƙarni na 18. Bari mu riƙe wannan a zuciya: Baikie ya fito daga jama'ar da ta riga ta rasa harshen kakanninta.

Majami'ar Magnus

Babban garin tsibiran shi ne Kirkwall, ma'anar sunan kuwa a tsohon harshensu mashigin ruwa na majami'a. A tsakiyar garin akwai babbar majami'a ta jan dutse da rawaya, wadda aka aza harsashinta a shekarar 1137, tana kuwa tsaye har yau ana sujada a ciki. Labarin gininta ya isa a ba da shi.

Akwai wani ɗan sarauta mai suna Magnus. A shekarar 1098 sarkin Norwe ya tafi da shi yaƙi a cikin jirgi zuwa gaɓar ƙasar Wales. Da aka fara gwabzawa, Magnus ya ƙi ɗaukar makami, domin ba shi da wata husuma da mutanen da ake yaƙa. Ya zauna cikin jirgi yana rera zabura, kibau suna wucewa ta kansa. Bayan shekaru ya komo gida ya raba mulkin Orkney da ɗan'uwansa Haakon, ɗan wan mahaifinsa. Magabta suka shiga tsakaninsu, har aka shirya zaman sulhu a ɗan tsibirin Egilsay wajen shekarar 1117, bisa sharaɗi kowa ya zo da jirgi biyu. Magnus ya cika sharaɗi, Haakon ya zo da takwas. Magnus ya hana mutanensa su zub da jini dominsa, ya kwana yana addu'a a majami'a. Kashegari aka umarci mai dafa wa Haakon abinci ya sare shi da gatari a kā, ya kuwa gafarta wa mai saransa tun kafin ya sare shi. Ɗan 'yar'uwarsa, Rognvald, shi ya gina majami'ar don tunawa da shi. A shekarar 1919 masu gyaran gini suka iske ƙasusuwa a ɓoye cikin wani ginshiƙi, ƙoƙon kan da alamar sara, mutane da yawa kuwa sun gaskata nasa ne.

A shekarar 1486 Sarki James na Uku ya ba mutanen Kirkwall majami'ar ta zama mallakar gari. Bayan gyaran ikkilisiya na shekarar 1560 sujadar cikinta ta koma irin ta masu bin Littafi kaɗai. A inuwar wannan gini Baikie ya yi wasan ƙuruciyarsa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi William a Kirkwall a watan Agusta 1825. Mahaifinsa, John Baikie, kyaftin ne a sojan ruwan Birtaniya, William kuwa shi ne ɗan farinsa. Ya yi karatu a garinsu, sa'an nan ya tafi jami'ar Edinburgh ya koyi aikin likita. Tun yana saurayi ya nuna halin da ya bi shi har kabari, wato son tattara abu da rubuta shi dalla-dalla. A shekarar 1847 ya buga jerin littattafai da rubuce-rubucen da suka shafi tsibiransu. A 1848 shi da abokinsa Robert Heddle suka fitar da littafi a kan dabbobi da tsuntsayen Orkney. A wannan shekara ya shiga sojan ruwa a matsayin mataimakin likita. Ya yi aiki cikin jirage dabam-dabam, daga baya aka sa shi a asibitin sojan ruwa na Haslar a kudancin Ingila. Yana can aka neme shi don wata tafiya zuwa ƙasarmu.

Kogin da ke cinye baƙi

A shekarar 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi Kogin Kwara cikin kwalekwale har inda ya faɗa teku. Turawa suka ga ƙofa ta buɗe ta shiga tsakiyar ƙasa da jirgi. Amma zazzaɓi ya tsare ƙofar. Wani ɗan kasuwa mutumin Skotlan, Macgregor Laird, ya shigo da jirage a 1832 da Turawa 48, tara kaɗai suka tsira. A 1841 gwamnatin Birtaniya ta aiko da jirage uku don yaƙi da cinikin bayi ta hanyar noma da ciniki na halal, fiye da Turawa 40 suka mutu, aka janye aikin. Cikin wannan tafiya akwai mutum biyu da ya kamata mu riƙe sunansu: Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe wanda aka 'yanto daga jirgin bayi yana yaro, da James Frederick Schön, Bajamushe ɗan mishan, wanda tun daga nan ya duƙufa a kan harshen Hausa.

A lokacin ba wanda ya san sauro ne ke kawo cutar. Sai a shekarar 1897 Ronald Ross ya tabbatar da haka. Ana zaton mugun tururin fadama ne. An dai san maganin kwinin, wanda ake samu daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka, amma yawanci sai mutum ya kwanta ake ba shi.

Tafiyar shekarar 1854

Bature matafiyin nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Kusada da Bichi, nan maƙwabtanmu, ya shiga Kano a watan Fabrairu 1851, a wannan shekara kuma ya haye Kogin Binuwai a ƙasar Adamawa. Da labarin ya kai Ingila, sai aka shirya jirgi mai suna Pleiad don ya hau Binuwai, ya ga iyakar inda jirgi zai kai, ya kuma nemi Barth. Laird ne ya ɗauki nauyin jirgin. An sa Baikie likita da mai binciken itatuwa da dabbobi. Shugaban tafiya kuwa John Beecroft ne, jakadan Birtaniya a tsibirin Fernando Po. Da jirgin ya iso tsibirin sai aka iske Beecroft ya mutu. Baikie, yana da shekara 28, bai taɓa taka wannan yanki ba, ya ɗauki shugabancin.

Suka shiga kogi a watan Yuli, Turawa 12 da 'yan Afirka fiye da 50, Crowther yana cikinsu. Baikie ya kafa doka cewa kowane Bature sai ya sha kwinin kullum, ko yana jin ciwo ko ba ya ji. Suka wuce mahaɗar Kwara da Binuwai, suka hau Binuwai har ƙasar Muri, suka je suka gai da sarki a Hamaruwa. Da itacen hura injin ya yi wuya, ruwa kuma ya soma janyewa, Baikie ya shiga ƙaramin jirgi ya ƙara gaba, har ya wuce iyakar inda Turawa suka taɓa kaiwa da kamar mil 250. Barth dai ba su same shi ba, gama a daidai waɗannan watanni yana kan hanyarsa ta dawowa daga Tambutu, ta Sakkwato, ya shiga Kano a watan Oktoba. Bayan kwana 118 cikin kogi suka fito, ba a rasa ran ko mutum ɗaya ba. Wannan ne ya tabbatar wa duniya cewa rigakafi ya fi magani a sha'anin zazzaɓin nan. Baikie ya rubuta labarin tafiyar aka buga a 1856. Wani abu kuma da ya lura da shi a hanya shi ne, duk inda suka sauka a Binuwai, in an sami mai jin Hausa magana ta yiwu.

Jirgi ya fashe a Jabba

A shekarar 1857 aka sāke aiko shi da jirgi mai suna Dayspring. A wannan tafiya ce Crowther ya sauke Fasto John Christopher Taylor a Anacha, aka kafa aikin bishara na Kogin Kwara. Jirgin ya ci gaba har ƙasar Nufe, amma a watan Oktoba ya bugi dutse kusa da Jabba ya fashe. Mutanen duka suka tsira, kaya da yawa suka salwanta. Suka kafa bukkoki a bakin kogi, suka zauna shekara guda cur suna jiran jirgin ceto. Wani hafsa cikinsu, John Glover, ya bi ta ƙasa zuwa Ikko neman taimako. Shi ne daga baya ya zama gwamnan Ikko, ya kuma kafa ƙaramar rundunar Hausawa a 1863, wadda ake lasaftawa tushen sojan Nijeriya.

Da jirgin Sunbeam ya iso a 1858, sauran Turawa suka yi ta komawa ɗaya bayan ɗaya. Baikie ya ƙi tafiya. Laird, mai tallafa masa, ya mutu a farkon 1861. Gwamnatinsa ta so ta rufe aikin ta kira shi gida, shi kuwa ya ga in ya tashi, duk amincin da aka ƙulla da sarakunan kogi zai warware. Ya zauna, sau da yawa ba kuɗi, ba saƙo, ba wani ɗan ƙasarsu kusa da shi.

Zamansa a Lakwaja

Wajen shekarar 1860 ya kafa mazauni a mahaɗar Kwara da Binuwai, a gindin dutsen Patti, da yardar Etsu Nufe Masaba na Bidda, wanda ikonsa ya kai wurin. Wannan mazauni shi ne tushen garin Lakwaja na yau. Aka sare daji, aka gina gidaje, aka buɗe hanyoyi, aka kafa kasuwa. Cikin shekara uku na farko 'yan kasuwa fiye da 2,000 suka zo ciniki, da Nufawa, da Hausawa, da Yarabawa, da Igala, da Kakanda, da waɗansu kabilu da dama.

Baikie ya ajiye kayan Turawa ya sa riga irin tamu, ya ci abin da mutane suke ci. Shi ne likita, shi ne mai raba gardama, shi ne malamin yara, ran Lahadi kuma shi ke tara mutane a yi addu'a. Yakan fanshi bayi, musamman yara, ya zaunar da su cikin 'yanci. Abin da aka rubuta game da shi shi ne, duk zamansa sau ɗaya tak ya ɗauki makami a kan maƙwabta. Sunansa ya bazu a kogi har ana cewa kalmar da Ibo suke kiran Bature da ita, wato beke, daga sunansa ta samo asali.

Aikinsa a kan Hausa da zuwansa Kano

Da dare, bayan hayaniyar kasuwa ta lafa, mutumin da ya taɓa jera sunayen tsuntsayen Orkney ya koma jera kalmomi. Ya tattara kalmomin harsuna kusan 50. Amma Hausa ya fi ba ƙarfi, domin ya gane ita ce harshen fatauci daga bakin hamada har bakin kogi. Ya koye ta daga bakin fatake da 'yantattun bayi. A 1861 aka buga ɗan littafinsa na bayani a kan Hausa da Fulatanci. Ya juya sassan Littafi Mai Tsarki da na littafin addu'a zuwa Hausa, mafi girma cikinsu kuwa Zabura ce.

Ba shi kaɗai yake wannan aiki ba. A Ingila Schön yana fama da nasa, da taimakon Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Turai tare da abokinsa Abbega. Ta hannunsu aka buga Bisharar Matiyu a 1857, da Farawa da Luka a 1858. Abbega ya komo ƙasar nan, daga baya ya zama Maigarin Lakwaja. Dorugu kuwa ya ƙare kwanakinsa a Kano a 1912. Muna ambaton su domin kada wani ya ɗauka Bature ya zauna shi kaɗai ya haifi fassara. Kowace kalmar Hausa da ta shiga takarda, daga bakin wani ɗan ƙasa ta fito, yawancinsu kuwa ba a rubuta sunansu ba.

A shekarar 1862 Baikie ya tashi daga Bidda a kan doki, ya bi ta Zariya ya iso Kano, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Ya zo ne don ƙulla hanyar ciniki tsakanin Kano da kogi, da neman takardun waɗansu Turawa matafiya da suka mutu a ƙasashen gabas. Ya zo a matsayin baƙo, ba sojoji a bayansa, aka karɓe shi, ya koma lafiya. A hanya ya rubuta jerin sunayen sarakunan Kano da na Zazzau da na waɗansu ƙasashen Hausa kamar yadda malamai suka faɗa masa, masana tarihi kuwa suna amfani da jerin nan har yanzu. An buga labarin wannan tafiya a Landan a 1867.

Mutuwarsa

Shekara bakwai a bakin kogi ba hutu sun cinye ƙarfinsa. A 1864, shekarar da aka naɗa abokin tafiyarsa Crowther bishop, aka aiko wanda zai canje shi, ya kama hanyar gida don ya ga tsohon mahaifinsa. Ya tsaya a Saliyo domin ya shirya takardunsa, ya sauka a gidan Charles Heddle, ɗan kasuwa wanda mahaifinsa mutumin Orkney ne. A nan ciwo ya kama shi, ya mutu a ƙarshen shekarar, aka binne shi a Freetown. Bai sāke ganin Kirkwall ba. Mutanen garinsu suka haɗa kuɗi suka kafa masa dutsen tunawa a cikin majami'ar Magnus, yana nan har yau.

Zaburarsa ta zauna a rubuce shekara 17. Sai a 1881 ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta buga ta. Ko a lokacin ma masu karanta ta ƙalilan ne, gama da haruffan boko aka buga, a ƙasar Hausa kuwa ajami aka sani. Sai da aka ƙara shekara 51, wato a 1932, kafin Littafi Mai Tsarki duka ya fito da Hausa, ta wahalar Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, 'yan ƙasa da Turawa.

Abin da ya biyo baya

Ba za mu ɓoye ɗaya gefen labarin ba, domin mai bi ba ya gyara tarihi don ya yi daɗin ji. Hanyar da Baikie ya buɗe da kwinin da haƙuri, waɗansu sun bi ta da bindiga da barasa. Kamfanonin ciniki suka cika kogin, suka haɗe suka zama kamfani guda mai soja da kotu. A Lakwaja ɗin nan da ya kafa, a ranar 1 ga Janairu 1900, Lugard ya ɗaga tutar Ingila ya shelanta mulkin Arewa. A watan Fabrairu 1903 sojojinsa suka fasa ganuwar Kano, shekara 41 bayan Kano ta karɓi Baikie baƙo. Shi kansa ma'aikacin gwamnatinsa ne, yana kuma son ƙasarsa ta sami ciniki da faɗa a ji a kogin. Saboda wannan tarihi ne har yau waɗansu maƙwabtanmu suke kallon bangaskiyarmu kamar kayan da mai mulki ya shigo da shi. Amsar da za mu ba su ita ce zamanmu da su: gaskiya a ciniki, riƙon amana, da girmama sarakuna da dattawa, irin yadda shi ya zauna da Masaba da mutanen kogi bisa yarda.

Abin koyi a gare mu

Na farko, Baikie ba ma'aikacin ikkilisiya ba ne. Likita ne mai albashin soja, amma ya ba da dararensa ga Maganar Allah. Malamin makaranta, da ma'aikaciyar asibiti, da manomi, da mai ɗinki a cikinmu, kada wani ya ce aikin Ubangiji na fasto ne kaɗai.

Na biyu, ya fito daga gari ƙarami a ƙarshen ƙasa, inda mutane ke fama da iska da ƙarancin abinci. Mu ma mutanen ƙauye ne, amma ƙanƙantar gari ba ta hana shi fitar da mutum mai amfani, in iyaye sun tsaya a kan karatun 'ya'yansu, mata da maza.

Na uku, ya shuka abin da bai ga tsironsa ba. Iyayenmu da suka fara taruwa a nan shekara hamsin da suka wuce, a ƙarƙashin rumfar kara, da yawansu ba su ga wannan rana ba. Mu ma ana bukatar mu dasa abin da jikokinmu za su sha inuwarsa.

Na huɗu, shi ne wanda ya fi damunmu. Harshen kakannin Baikie ya mutu domin 'ya'ya sun daina jinsa a gida. A yau muna da matasa da suke jin kunyar buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, waɗansu ma ba su iya karanta shi ba tare da tuntuɓe ba, alhali Turancin ma bai zauna ba. Baƙo ya bar garinsu ya ƙare ransa yana neman kalmar Hausa da za ta ɗauki addu'ar Dawuda. Abin kunya ne mu masu harshen mu bar shi ya yi ƙura a kan taga. Muna roƙon kowane mai gida, da zumuntar mata, da malaman makarantar Lahadi, su mai da karatun Zabura da Hausa al'adar kowane maraice, a sa yara su riƙa karantawa da ƙarfi, manya suna gyara musu.

Ubangiji ya ba mu alherin riƙe abin da muka karɓa, ya sa waɗanda za su yi bikin cika shekara ɗari su iske mun bar musu shi da kyau. Amin.